FAYIL ƊIN MARA LAFIYA BA KAYAN ƊORAWA A WAYA BA NE

Ƴan uwa ɗalibai, musamman masu karatun jinya, lab da kiwon lafiyar al'umma da ake turowa aikin koyo a asibitocin Potiskum. Yau da ku nake, kuma na san wasu za su ji haushina. To ku ji.

Wata ɗabi'a ta shigo mana. Ɗalibi ya samu farar riga, ya shiga ɗakin marasa lafiya, sai ya zaro waya ya ɗauki hoton fayil ko sakamakon gwajin wani, ya jefa a guruf ɗin aji a WhatsApp, wai "don mu ƙaru". Wata kuma hoton kanta take ɗauka, ga baiwar Allah kwance a bayanta ana mata ƙarin ruwa. Haba jama'a! Wa ya ba ku izini?

Za ku ce ai mun rufe suna. A Potiskum? Ka rufe suna ka bar shekaru, ka bar Dogo Nini ko Yerimaram a wurin adireshi, ka bar ranar da aka kwantar da ita. Wallahi kafin la'asar wani a guruf ɗin ya gano ƴar gidan waye. Garin nan kowa ɗan uwan kowa ne.

Kuma kun san abin da ke cikin takardun nan: kanjamau, ciwon hanta, sikila, taɓin hankali, ɓari, yoyon fitsari. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya wargaza baiko, ya sa a daina sayen abincin mace. Wannan tsoron ne ke sa mutum ya bar asibitin da ke bayan gidansu ya hau mota zuwa Azare ko Damaturu karɓar magani. Wanda ba shi da kuɗin mota fa? Sai ya zauna a gida ciwo ya ci shi. Ƙawarki da ke ƙin zuwa kilinik ɗin makaranta, kin taɓa tambayarta dalili?

Ga wanda ya ɗauka wa'azi kawai nake, akwai doka. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce ciwon mutum, maganinsa, har zamansa a asibiti sirri ne. Ba a fitar da shi sai da rubutacciyar amincewarsa, ko umarnin kotu ko doka, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Sashe na 29 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun, ga mai kwafar bayanan ba da izini ba. Sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta wa tsaro, ta kuma kafa hukumar NDPC inda ake kai koke.

Masu neman taimako ga mara lafiya, na san niyyarku alheri ce. Amma ku tambaye shi tukuna. Ana iya tara kuɗin aiki ba tare da an baza takardar gwajinsa a Facebook ba, inda za ta zauna shekaru bayan ya warke.

Shugabannin asibiti ma da nasu: a kulle ɗakin kati, kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa ta kwamfuta, a daina ƙwala wa mutum sakamakonsa a gaban layi.

Mu kuwa namu mai sauƙi ne. Waya ta zauna a aljihu. In akwai darasi, a tattauna da malami a aji, babu hoto, babu unguwa. In wani ya turo irin wannan a guruf, kar ka tura gaba, ka ce ya goge, in ya ƙi admin ya cire shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Gobe fayil ɗin mahaifiyarka ne zai faɗa hannun wani ɗalibi. Yaya kake so ya riƙe shi?

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.