Baje kolin zane: wa ya kamata ya ɗauki asara?

Matasan da suka karanta zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kan fuskanci zaɓi biyu wajen nuna ayyukansu: ko su biya kuɗin zauren baje koli tun farko, ko mai zauren ya cire kasonsa bayan ciniki, wanda a Turai kan kai rabin farashi.

Tsari na biyun ba baƙo ba ne a kasuwannin Shinkafi da Ƙauran Namoda, inda dillali ba ya karɓar la'ada sai an sallama.

Masu zauruka na kafa hujja da tsadar haya da man janareta. Sai dai kuma wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa ba lallai ne ya wahala wajen neman mai saye ba. Idan ba a yi ciniki ba, mai zanen ne kaɗai ke kwana ciki.