Jinyar Mai Hawan Jinin Huhu: Ke Ma Jiki Gare Ki

Zancenmu na wannan wata na jinya ne, kuma a cikin gidana na koyi karatun.

Shekara uku ke nan ƙanwata tana wurina tana fama da abin da likitoci ke kira hawan jinin jijiyoyin huhu. Kada ki haɗa shi da hawan jinin da muka sani, wanda ake ɗaura abin awo a dantse. Wannan yana kama jijiyoyin da ke kai jini daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu. Sai su yi kauri su tsuke, zuciya ta riƙa tura jini da ƙyar har ta gaji. Awon dantse na iya nuna lafiya lau alhali ciwon yana nan, sai an yi hoton zuciya, a tabbatar ta hanyar zura siririn bututu a jijiya. Yakan biyo bayan hujin zuciya da aka haifi mutum da shi, ko tsargiya, ko ciwon hanta, ko ƙanjamau, wani lokaci kuma ba a gano sanadi. Masu sikila ma sukan gamu da hawan jinin huhu. Ya kuma fi kama mata.

Wahalarsa ta farko ita ce ba ya nunawa a fuska. In tana zaune sai ki rantse lafiyarta ƙalau, amma ta tashi ta share tsakar gida sai haki, sai jiri, wata rana har suma. Kafin a gano, an ce asma ce, an ce son jiki ne. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, na taɓa ce mata raguwa.

Magunguna suna sassauta shi sosai, amma ba ciwo ba ne da ake sha na mako biyu a miƙe. Kada a tsayar da magani kwatsam don an ga sauƙi ko don kuɗi sun yanke, a sanar da likita tun kafin ya ƙare. Ɗaya daga cikinsu, sildenafil, shi ne dai wanda maza ke sha don wata buƙata, tun 2005 aka amince da shi ga wannan ciwo a Amurka, saboda haka kada surutun mai kyamis ya sa ku jin kunya. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa. A hau sikeli kowace safiya, in nauyi ya ƙaru da kamar kilo 2 cikin 'yan kwanaki, ko ƙafa ta kumbura, ruwa ne ke taruwa, a nemi likita. Suma, ciwon ƙirji ko leɓe ya canza launi, wannan asibiti ne nan take. Batun ciki kuma, haɗarinsa ga rayuwar mai wannan ciwo babba ne ƙwarai. Ki sa mijinta ya ji daga bakin likita da kunnensa, don in daga bakinki ne dangi za su ce kin hana ɗansu haihuwa.

To, ke fa?

A shekarar farko ni ce dafa abincinta daban, ni ce layin asibiti, ni ce mai farkawa cikin dare ina sauraren numfashinta, da safe ga yara ga aji yana jira. Duk wanda ya ce a kawo a taimaka sai in ce ai babu komai. Na rame, bacci ya ƙaurace mini, har ranar da na zabga wa ɗana mari a kan ya zubar da koko. Ƙanwar tawa ce ta kira ni ɗaki tana kuka, ta ce, “Yaya, in na zame miki nauyi ki mayar da ni gida.” Ashe duk gajiyar da nake ɓoyewa tana karanta ta a fuskata.

Abin da ya fara cetona littafi ne na rubutu irin na 'yan makaranta. Na rubuta sunan kowane magani da lokacinsa, awon sikeli, ranar ganin likita, da alamomin da ke sa a ruga asibiti. Da ilimin ya fita daga kaina ya koma takarda, sai ya zama wani ma zai iya riƙe ta. Daga nan na raba aiki da sunaye, domin “ku riƙa taimakawa” ba ta ɗaga kowa daga tabarma. Yayanmu ya ɗauki kuɗin magani, wata 'yar uwa ta ɗauki kwana biyu a mako, maigida ya ɗauki kai ta asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan dubiya kuwa, Allah Ya ba su lada, amma wanda zai zauna awa uku a dafa masa a raka shi ya ƙara miki aiki ne. Yanzu mai tambayar me zai kawo nakan faɗa masa gaskiya: ki zo ki zauna da ita bayan azahar in kwanta.

Ki ci abincinki a kan lokaci, ki je a auna jininki ke ma. In kin ga makonni suna wucewa ba kya bacci, ba kya sha'awar komai, kuka na zuwa babu dalili, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗa masa kumburin ƙafarta. Kuma ki bar ta ta yi abin da take iyawa, tsinar shinkafa a zaune, tilawar yara, 'yar tafiya a hankali da yardar likita.

Ranar Alhamis yanzu tawa ce. Nakan je gidan ƙawata in yi kitso, wayata a kunne, littafin yana hannun mai kwana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.