KAMUN ƘAFAR TALAKAWA A MAJALISUN AMURKA DA INGILA: INA AMFANINSA GA FALASƊINU?

Duk wanda ya ga hoton gidan da aka rusa a Gaza, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne jirgin da ya sako bam ɗin da sojan da ke tuƙa shi. Kaɗan ne ke tambayar wanda ya biya kuɗin bam ɗin, da zauren da aka zauna aka yarda a biya. Alhali kuwa zauren sananne ne, shi ne majalisar dokokin Amurka da ke birnin Washinton. A shekarar 2016 gwamnatin Obama ta ƙulla yarjejeniyar bai wa Isra'ila taimakon soja na dala biliyan 38 cikin shekara goma, daga 2019 zuwa 2028, wato dala biliyan 3.8 ke nan a duk shekara. To amma alkawarin shugaban ƙasa ba ya zama kuɗi sai 'yan majalisa sun ɗaga hannu, kuma kowace shekara sai sun sake ɗagawa. A watan Afrilun 2024, ana tsakiyar ruwan wuta a kan Gaza, su ɗin ne dai suka ƙara mata kimanin dala biliyan 14 a kan na da.

Wannan ne ya sa wasu talakawan Amurka, waɗanda ba su da mulki ba su da dukiya, suka ga cewa bayan sun dawo daga muzahara akwai sauran aiki, shi ne su tsare ƙofar wanda suka zaɓa har sai ya saurare su. Abin da ake kira kamun ƙafa ke nan, sai dai nasu ba irin wanda aka sani ba ne na shiga da jaka a fita ba jaka.

Yadda abin yake shi ne, ɗan majalisar wakilai a can shekara biyu kacal yake yi ya koma neman ƙuri'a, su 435 ne, sanatoci kuma su 100 ne masu shekara shida-shida. Kowanensu yana da ofis a Washinton da wani a mazaɓarsa, kuma akwai yaran ofis da aikinsu shi ne ɗaukar waya da buɗe wasiƙu. Idan mutum ya bugo sai a tambaye shi unguwarsu don a tabbatar ɗan mazaɓar ne, sannan a rubuta abin da ya ce, a tara a kai wa maigida lissafin cewa mutum kaza sun bugo a kan magana kaza. Waya ɗaya ba komai ba ce. Amma idan aka wayi gari wayar ba ta hutawa mako da makonni a kan magana guda, to ɗan siyasa ya san abin da hakan ke nufi ranar zaɓe. Bayan waya sai tawaga. Mutum biyar ko shida, ga limami ga fasto ga malamar makaranta, su nemi a ba su lokaci, sau da yawa ma ba za su ga ɗan majalisar ba sai wani mataimakinsa, na 'yan mintoci. Waɗanda suka ƙware ba sa ɓata wannan lokaci wajen zuba tarihi tun daga 1948. Buƙata ɗaya suke zuwa da ita: ga ƙuduri mai lamba kaza, maigidanka zai sa hannu ko ba zai sa ba? In an yi musu hanya-hanya sai su dawo, in ya kira taron jama'a a mazaɓa su miƙe su maimaita tambayar a gaban kowa.

Su wane ne masu wannan aiki? Akwai Musulmi da Larabawan Amurka, wannan ba abin mamaki ba ne. Akwai Kiristoci 'yan ɗariƙar Kweka, waɗanda suke da ofishin kamun ƙafa a Washinton tun 1943, da gamayyar coci-coci ta Churches for Middle East Peace da aka kafa a 1984. Sannan akwai Yahudawa, irin su ƙungiyar Jewish Voice for Peace wadda 'ya'yanta suka sha kamu a hannun 'yan sanda a harabar majalisar a Oktoban 2023 suna neman a tsagaita wuta. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyar da ta fi kowace tutiya da yawan mabiya wajen goyon bayan Isra'ila ta Kiristoci ce, wadda Fasto John Hagee ya jagoranci kafawa a 2006. Don haka mai wa'azin da zai hau mumbari ya yi wa Yahudawa kuɗin goro, bai yi adalci ba, kuma bai san filin da ake fafatawar ba.

Abin tambaya a nan shi ne, me wannan wahala ta haifar? Mai karatu ya dubi maganar yara. Ƙungiyar kare haƙƙin yara ta Falasɗinu ta daɗe tana bayyana cewa yara tsakanin 500 zuwa 700 ake gurfanarwa a kotunan sojan Isra'ila duk shekara, akasarinsu bisa zargin jifa da dutse. Ita da 'yan Kweka suka ɗauki wannan magana guda suka dinga yawo da ita ofis-ofis. A 2015 suka samu 'yan majalisa 19 suka sa hannu a wata wasiƙa zuwa ga sakataren harkokin waje. A Nuwamban 2017 wata 'yar majalisa daga jihar Minesota mai suna Betty McCollum, wadda ba Musulma ba ce ba kuma Balarabiya ba, ta gabatar da ƙudurin hana amfani da kuɗin Amurka wajen tsare yaran Falasɗinawa. Ƙudurin bai zama doka ba. Ta sake kawo shi a 2019 da 2021 da 2023, nan ma bai wuce ba. Sai dai kafin wannan lokaci ambaton haƙƙin Bafalasɗine a cikin ƙudurin majalisar Amurka abu ne da kusan ba a taɓa ji ba.

Lissafin majalisar dattawa ya fi fitowa fili. Bayan harin 7 ga Oktoban 2023, wanda aka kashe mutum kimanin 1,200 a Isra'ila aka kuma tafi da kimanin 250, da yaƙin da ya biyo baya wanda zuwa Yulin 2025 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙirga gawa sama da 60,000, Sanata Bernie Sanders, wanda shi kansa Bayahude ne, ya dinga tilasta wa abokan aikinsa jefa ƙuri'a a bainar jama'a. A Janairun 2024 ya nemi a binciki yadda ake amfani da makaman Amurka a Gaza, ya samu ƙuri'a 11 har da tasa. A Nuwamban shekarar ya nemi a hana sayar da wasu makamai, ya samu tsakanin 17 da 19. A Afrilun 2025 suka ragu zuwa 15. A ƙarshen Yulin 2025, lokacin da hotunan yara masu fama da yunwa suka cika duniya, sai ga sanatoci 27, fiye da rabin na ɓangaren jam'iyyar Dimokurat. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙudurori bai yi nasara ba, makamai kuma ba su daina tafiya ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma sanatan da ya ce a'a a Janairu ya dawo ya ce e bayan wata goma sha takwas, ba mafarki ya yi ba, mutanen jiharsa ne suka hana shi sakat.

Su ma masu goyon bayan mamaya ba barci suke yi ba. Ƙungiyar AIPAC, wadda take wannan sana'a tun shekarun 1950, ta nuna a 2024 abin da ke samun wanda ya ɗaga murya. Reshenta na kashe kuɗin zaɓe ya zuba sama da dala miliyan 14 don kayar da Jamaal Bowman a Niyok, da sama da miliyan 8 don kayar da Cori Bush a Mizuri, matar da ta gabatar da ƙudurin tsagaita wuta tun a Oktoban 2023. Duka biyun sun faɗi tun a zaɓen fid da gwani. Saƙon ya isa ga sauran, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sai dai kuma wanda ya kashe irin wannan dukiya a kan kujera biyu ya nuna da kansa cewa kujerun suna ba shi tsoro.

A Ingila abin ya fi saurin nuna fuska domin mazaɓunsu ƙanana ne. A Nuwamban 2023 'yan majalisa 56 na jam'iyyar Leba suka bijire wa shugabansu suka zaɓi a tsagaita wuta, wasunsu har da ajiye muƙami. A zaɓen Yulin 2024 wani likitan ido mai suna Shockat Adam, ba jam'iyya ba komai, ya kayar da jigon Leba Jonathan Ashworth a Lesta ta Kudu da ratar ƙuri'a 979. A Satumban shekarar sabuwar gwamnati ta dakatar da lasisin sayar wa Isra'ila makamai kimanin 30 daga cikin 350, wanda ko kashi ɗaya cikin goma bai cika ba. A ranar 21 ga Satumban 2025 kuma Ingila, ƙasar da ta yi alkawarin Balfo a 1917, ta amince da ƙasar Falasɗinu, shekara goma sha ɗaya bayan majalisarta ta nemi a yi haka da ƙuri'a 274 a kan 12.

Wasu 'yan uwa za su ce, ina ruwan mai neman gaskiya da majalisun da aka gina a kan son zuciya, ai zuwa gabansu ma ƙasƙanci ne. Wannan magana tana da nauyinta, musamman ga wanda ya ga yadda aka yi ta yaudarar raunana da sunan teburin sulhu. Amma tarihin hijirar Habasha yana nan. Lokacin da Ƙuraishawa suka so a dawo musu da Musulmin da suka gudu, Amru ɗan Asi da abokin tafiyarsa suka tura, da kyaututtukan fatu, suka bi fadawan Najjashi ɗaya bayan ɗaya suna saye bakinsu kafin a shiga fada. Sahabban Manzon Allah (S) ba su da abin ba kowa, kuma ba su ce tunda sarkin ba Musulmi ba ne ba za su amsa kiransa ba. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya tsaya ya faɗi abin da aka yi musu, bai rage komai daga addininsa ba, sarki ya mayar wa Ƙuraishawa kayansu. Ba kowane mai mulki ne Najjashi ba, ko shakka babu. Amma da a ce Ja'afar ya ƙi zuwa, da maganar Amru kaɗai fada za ta ji.

Inda haɗarin yake shi ne a kalmar zaman lafiya ita kanta. Kowane ɗan majalisa a shirye yake ya ce yana son zaman lafiya da ƙasashe biyu, ya yi murmushi, a ɗauki hoto, gobe ya je ya ɗaga hannu a ƙara bama-bamai. An sa hannu a yarjejeniyar Oslo a 1993 lokacin da 'yan kama-wuri-zauna a Yammacin Kogin Jodan ba su fi 110,000 da 'yan kai ba, ban da na gabashin Ƙudus. Shekara talatin bayan nan sun haura 500,000, kuma duk tsawon wannan lokaci ba a daina ambaton zaman lafiya a Washinton ba. Tawagar da ta fito daga ofis tana murna don an ce mata ana tare da ita, an sallame ta ne da ruwan sanyi. Wadda ta san aikinta ƙuri'a take nema a rubuce, a kan makami kaza, ko kuɗi kaza, ko buɗe mashigar abinci, abin da za a iya dubawa gobe a ce ka yi ko ba ka yi ba. Kuma mai neman a kare jinin yaron Gaza ba ya rasa komai idan ya faɗa a fili cewa jinin yaron da ke ɗaya gefen shingen ma ba halal ba ne, hasali ma wannan ne ke toshe bakin mai neman ya ɓata masa suna.

Sai haƙuri, wanda shi ne ya fi wuya alhali ana binne mutane kullum. Ɗan majalisa Ron Dellums ya fara kawo ƙudurin sa wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi a 1972, aka yi banza da shi. Coci-coci da ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago da baƙaƙen fatar Amurka suka ci gaba da matsa wa wakilansu, daga ƙarshen 1984 kuma aka dinga kama masu zaman dirshan a ofishin jakadancin ƙasar da ke Washinton, har da 'yan majalisa a cikinsu. A 1986 majalisa ta zartar da dokar, Shugaba Reagan ya hau kujerar na-ƙi, sanatoci 78 a kan 21 suka take kujerar tasa, cikinsu har da 'yan jam'iyyarsa da dama. Shekara goma sha huɗu ke nan daga ƙudurin Dellums na farko. Mandela ya fito daga kurkuku a Fabrairun 1990.