Sayen mota daban, kawo ta Katsina daban

Mutumin da ya ƙudiri aniyar sayen mota a garin nan yakan shafe watanni yana shawara. Zai tambayi bakanike, ya tuntuɓi dillali, ya auna shan manta da tsadar kayan gyaranta, har launin fenti sai an yi mahawara a kansa a cikin gida. Amma da zarar an biya kuɗi, aka zo kan yadda motar za ta baro bakin teku ta iso Katsina, sai a kashe maganar cikin minti biyar ta wayar tarho: wane ya san wani direba, a ba shi. Dukiyar da aka tara cikin shekaru, wani lokaci da bashin banki ko na ƙungiyar ma'aikata, sai a miƙa ta ga wanda ba a taɓa gani ba, babu takarda, babu shaida. Wannan saɓani tsakanin dogon nazari a wajen saye da gaggawa a wajen ɗauko shi ne abin da filin namu zai duba a makon nan.

Dalilin da ya sa batun ya ƙara nauyi a yau shi ne hanyar ta sauya. Shekaru da dama motocin da muke kira 'yan Kwatano suna sauka ne a tashar jiragen ruwa ta Jamhuriyar Benin, su haura arewa su tsallaka gadar Malanbil zuwa Gaya, su ratsa ƙasar Nijar har Maraɗi, sannan su gangaro ta Ɗan Issa da Magama su shigo Jibiya. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya har zuwa Disambar 2020, sannan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake datse zirga-zirga tsakanin Kwatano da Maraɗi. Hanyar da doka ta sani ta koma tashoshin Legas, wato Apapa da Tin Can, kuma tsakaninsu da Katsina akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa, kafin a kai Kaduna da Zariya a kama hanyar Funtuwa ko ta Kano. Duk wanda ya bi wannan hanya ya san ramukanta da gargadarta, ya san shingayen bincikenta, ya kuma san wuraren da matafiyi ba ya so dare ya riske shi.

Hanyoyi uku ne a gaban mai mota. Ko a ba direba ya tuƙo ta da ƙafafunta, ko a ɗora ta a buɗaɗɗiyar tirela mai hawa biyu tare da wasu motocin, ko kuma a sa ta a rufaffen mazubi, wato kwantena ko babbar mota mai akwati.

Ta farko ita ce muka fi sabawa da ita, domin ta fi sauri kuma a ido ta fi araha. Sai dai motar da ta fito daga Amurka ko Turai ta yi makonni a teku, wataƙila ta yi watanni a ajiye kafin nan. Baƙin man da ke cikinta ya tsufa, tayoyinta sau da yawa na ƙasar sanyi ne, wasu ma shekarunsu sun ja. Ana iya gane haka daga lambobi huɗu da ke gefen kowace taya: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Irin wannan mota ce za a ɗora wa gudun yini da dare a kan kwalta mai zafi, a hannun direban da ladansa ke kan yawan zuwa da dawowa. Ƙorafin da ake yawan ji a bakin masu saye bai wuce ɗaukar fasinja ko kaya a hanya ba, da musanya batir ko taya, da ɓoye ƙaramin karo da fenti. Akwai direbobi masu amana da yawa a wannan sana'a, amma mai mota ba shi da ma'aunin bambance su idan bai san yadda motar ta baro Legas ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuwa, ita kanta arahar ta ragu.

Buɗaɗɗiyar tirela tana ɗaukar motoci kamar takwas a tafiya guda, saboda haka kuɗin ya rabu a kan mutane da yawa, kuma injin motar ba ya aiki ko na kilomita ɗaya. Aibinta a fili yake: ƙurar hunturu, tsakuwar da tayoyi ke watsowa, mai da ke ɗiga daga motar sama zuwa kan ta ƙasa, rassan itatuwa da wayoyin lantarki da ke gogar na hawan sama, ga kuma jiran sai an cika kafin a tashi. Amma tana da wata falala da ba a cika lura da ita ba. Komai a bayyane yake. Direba da yaronsa suna iya zagayawa a kowane zango su taɓa ɗauri su ji ko ya saki, jami'in kwastan kuma yana duba lambar jikin mota ba tare da an ɓalle hatimi ba.

Rufaffen mazubi shi ne wanda zuciya ke karkata gare shi idan motar mai tsada ce, kuma da hujja. Yana tsare ta daga ƙura da ruwa da tsakuwa, yana kuma tsare ta daga ido, abin da ba ƙarami ba ne a zamanin da ganin sabuwar mota a kan hanya kan sa a fara tambayar ko ta wane ce. Ga sabuwar mota fil, ko mai amfani da lantarki, ko tsohuwar da ake ajiyewa don tarihi, ƙarin kuɗin rufi yana da ma'ana. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar rufin a matsayin amsar dukkan tambayoyi, alhali bangon da ya ɓoye motar daga ɓarawo shi ne kuma ya ɓoye ta daga mai kula da ita. Motar da ɗaurinta ya saki a buɗaɗɗiyar tirela za a gan ta a zango na gaba. Wadda ta saki a cikin kwantena za ta yi ta bugun bango daga Jebba har Malumfashi, ba wanda zai sani sai ranar buɗewa.

Saboda haka wanda ya zaɓi rufi sai ya fara da awo. Kwantena mai ƙafa 20 tsawon cikinta kusan mita 5.9 ne, faɗinta kuma kusan mita 2.35. Corolla mai tsawon kusan mita 4.6 za ta shiga da sarari, Hilux mai ƙofa huɗu da ta haura mita 5.3 za ta shiga da ƙyar. Land Cruiser kuwa faɗinta ya kusa mita 2, ma'ana abin da zai rage a kowane gefe ɗan kaɗan ne, kuma wanda ya shigar da ita sai dai ya fito ta taga ko ta ƙofar baya. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar motoci biyu a jere cikin kwanciyar hankali. Masu son riba sukan rataya wasu a sama da katako da sarƙa domin su cusa uku ko huɗu, kuma wanda motarsa ke ƙasa ya cancanci a gaya masa abin da ke lilo a kanta.

Bayan awo sai ɗauri, kuma a nan ne lafiyar motar take. Ƙa'idar da ake bi a Turai da Amurka ita ce ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya idan aka taka birki da ƙarfi, da rabin nauyin idan aka sha kwana. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500 ke nan za ta tunkuɗo gaba da ƙarfin kilo 1,200. Birkin hannu da igiyar ɗaure buhu ba za su tare wannan ba. Abin da ake bukata shi ne ɗamara huɗu masu ƙarfen ɗamewa, kowace ta rungumi taya guda ta kama ƙugiyar da ke daɓen mazubin, tare da katakon tokare taya gaba da baya, a kafe shi da ƙusa. Ɗaure taya ya fi ɗaure gangar jiki, domin jikin mota yana hawa yana sauka a kan sifirin, kuma kowane hawa da sauka yana sassauta igiyar da aka ɗaura masa. A rage man tanki zuwa rubu'i ko ƙasa da haka, a cire kan batir, domin a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, cikin akwatin ƙarfe da ke rana ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma tururin fetur a rufaffen wuri ba abin wasa ba ne.

Ita kanta kwantenar sai an ɗaure ta. A kusurwoyi huɗu na bayan tirela akwai makullan ƙarfe da ake murɗawa su kama ta. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna gadar Ojuwelegba a Legas, inda a Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan motar fasinja ta hallaka mutum 9. Sai kuma tambayar da aka fi mantawa: idan an iso, ina za a sauke? Daɓen tirela ya fi mita guda tsawo daga ƙasa. Inda babu injin ɗagawa ko gadar saukewa, akan ja da baya ne a jingina da tudun ƙasa kamar yadda ake lodin shanu a kara, kuma mota mai gajeren ƙasa takan bar bambarta ko bututun hayaƙinta a wurin. Ba ƙaramin takaici ba ne mota ta tsallake kilomita 1,000 lafiya ta ji rauni a mita biyun ƙarshe.

Akwai kuma masu sha'awar mallakar ƙaramar rufaffiyar tirela da za su riƙa ja da motarsu, irin wadda ta yawaita a Amurka, musamman dillalai da masu kai motar da ta lalace wajen gyara a Kano. Tunanin yana da kyau, domin jan mota mai giyar otomatik da igiya ko da sandar ƙarfe na tsawon kilomita 170 yana iya ƙona giyar, mai lantarki kuwa masu ƙera ta sun hana a ja ta tayoyinta na ƙasa. Maƙeranmu da masu walda za su iya haɗa akwatin. Abin da za a tsaya a kai shi ne ta kasance mai layin taya biyu, da birkinta na kanta, da fitilun baya masu aiki. A ɗora motar yadda kusan kashi 60 cikin 100 na nauyi zai kasance gaban tayoyin tirelar, kashi 10 zuwa 15 kuma ya sauka a kan mahaɗar, in ba haka ba za ta riƙa kaɗa wutsiya idan an yi gudu har ta kifar da mai janta. A kuma haɗa nauyin akwatin da na motar da ke ciki a gwada da abin da kamfani ya rubuta cewa mai jan za ta iya. Jimillar takan kai tan 3, wanda ya fi ƙarfin kowace ƙaramar motar gida.

Duk wannan bayani na ƙarfe da igiya bai kai muhimmancin takarda ba. Inshorar dole da yawancinmu ke yanka, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne, ba ta biyan motarka, balle wadda ke kwance a bayan tirelar wani. Kaya a kan hanya inshorarsu daban ce, kuma haƙƙin mai mota ne ya nemi ganin takardarta, ya duba adadin da ta ɗauka da ranar ƙarewarta. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa mai dakon kaya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in an tabbatar da sakacinsa, in ban da dakon abinci, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa mai jirgin ruwa ba ya cin ladansa sai ya isar da kaya. Darasi biyu ke nan. Na farko, tabbatar da sakaci yana bukatar hujja: hoton kowane gefe na motar kafin lodi, adadin kilomitar da ke allonta, lambar batir da ta tayoyi, lambar hatimin kwantena, da sa hannun ɓangarorin biyu gaban shaidu. Na biyu, kada a biya kuɗin dako duka tun a Legas. A riƙe wani kaso sai an sauke an duba. Al'ummar da aya mafi tsawo a Littafinta ta yi umarni da rubuta bashi bai dace ta riƙa jin kunyar neman takarda ba. Kwafin takardun kwastan ma su bi motar, na asali kuma su zauna a hannun mai ita ko wakilinsa, domin rufaffen mazubi ya fi jawo tambaya a shingen bincike.

Kakanninmu fatake da suka mai da Katsina zangon ayarin Sahara sun san cewa darajar haja ba ta cika sai ta iso kasuwa. Shi ya sa suke zaɓen madugu da natsuwa, suna gyara mangala da taiki tun kafin ranar tashi. Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka ƙaddamar a 2024, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Katsina da Jibiya, suna iya rage wannan wahala idan suka kama aiki sosai, domin kwantena za ta iya zuwa kusa da gida kafin a ɓalle hatiminta. Kafin wannan lokaci, ƙungiyar dillalan motoci ta jihar nan za ta yi wa kanta da abokan cinikinta babban alheri idan ta gina gadar saukewa guda ɗaya ta siminti, ta kuma fitar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa, wadda kowane mai dako zai sa wa hannu.

Ga mai karatu da ke shirin ɗauko mota a bana, jerin tambayoyin shi ne: da me za a ɗaure ta, wa zai biya idan ta lalace, a ina za a sauke ta, sannan a rufe ko a buɗe. Motar talaka da aka ɗaure da kyau a buɗaɗɗiyar tirela mai inshora za ta iso da ƙura, wanki ɗaya ya raba su. Mai motar alfarma ya biya kuɗin rufi, amma ya tabbata wakilinsa na tsaye lokacin da ake ɗaurin, ya ga an ja ƙofa an buga hatimi. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya kai matafiya gida lafiya.