Wai Ƙofar Baya ta Zama Likita a Amurka

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta fara yawo a ɗakunan kwana da majalisun samarin ma'aikata, wadda muke ganin lalle a tare ta tun ba ta cinye wa wani gonar ubansa ba. Wai duk wanda makinsa ya gaza, aka hana shi karatun likita a nan gida, to, kada ya damu, Amurkawa suna da waɗansu makarantu da ake kira na ostiyofati, inda ake karɓar kowa da kowa, a yi shekara huɗu a fito da babbar riga fara da abin sauraron ƙirji a wuya. Masu wannan magana iri biyu ne. Akwai masu faɗinta da yatsina, su ce ai makarantar 'yan tausa da maɗora ce, ba likita ba. Akwai kuma masu faɗinta da murmushi, watau dillalan neman gurbin karatu, waɗanda abincinsu yana cikin zumuɗin yaro da tausayin uwa. Dukansu biyu sun haɗu a kan kalma ɗaya, wai ƙofar baya ce. Mu kuwa mun ce ƙarya suke yi, su duka.

Bari mu fara da masu yatsina, don amsarsu ta fi sauƙi.

Wanda ya kafa wannan hanya wani likitan ƙauye ne, Andrew Taylor Still. A cikin 1864 sanƙarau ya shiga gidansa ya ɗauke yara uku, yana ji yana gani, magungunan zamaninsa ba su tsinana masa kome ba. Ba sai mun gaya wa ɗan ƙasar Hausa abin da sanƙarau yake yi wa gida ba. Likitancin wancan lokaci kuwa ya dogara ne ga zubar wa majinyaci jini da ɗura masa magungunan da aka haɗa da zaiba, har sau da yawa maganin ya fi cutar kisa. Still ya juya wa wannan baya, a 1874 ya fito da ra'ayin cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashi da tsoka suke, gyaransu kuma da hannu ne. A 1892 ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville na jihar Misuri. Ba mu zo wanke shi ba: wannan ra'ayi nasa kuskure ne, ƙwayoyin cuta ba su san da zancen ƙashin baya ba. Gyaran hannu yana ɗan taimakon mai ciwon baya, amma masu cewa suna warkar da cuta ta hanyar motsa ƙasusuwan kwanyar kai har yau ba su kawo hujjar da za ta tsaya ba.

Abin da masu yatsina ba su sani ba, ko suka ƙi sani, shi ne makarantun nan sun daɗe da wuce inda Still ya bar su. Ɗalibin da ke cikinsu yau yana karanta ƙirar jikin mutum, da ilmin magunguna, da tiyata, da karɓar haihuwa, daidai da takwaransa na sauran makarantu, sa'an nan a ƙara masa kimanin awa 200 na gyaran hannu. Shi ana ba shi digirin DO, wancan ana ba shi MD. Tun daga 1973, sa'ad da jihar Misisifi ta zama ta ƙarshe da ta sallama, mai DO yana da cikakken lasisin rubuta magani da yin tiyata a dukan jihohi 50. Daga 2020 kuma horon ƙwarewa na asibiti ya zama tsari guda ga kowa. Likitan da ya duba Shugaba Trump a fadar gwamnati daga 2018, Sean Conley, mai DO ne. Wanda ya duba Shugaba Biden, Kevin O'Connor, shi ma haka. Ashe maɗori ake kira ya tsare lafiyar shugaban Amurka?

Ga wani labari da ya isa ya rufe bakin gardama. A 1962 aka yi yarjejeniya a jihar Kalifoniya, aka ce masu DO su biya dala 65 a musanya masu da MD. Wajen mutum 2,000 suka karɓa. Kwalejinsu ta Los Anjalis aka sake mata suna, daga baya ta zama makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. To, jama'a, in har dala 65 ta isa ta mai da ɗan tausa cikakken likita, me ake ta yi wa girman kai tun farko? Manufar masu yarjejeniyar ita ce su binne sana'ar, gama an hana ba sababbin masu DO lasisi a jihar, sai a 1974 babbar kotun jihar ta soke wannan hani. Yau kusan ɗaya daga cikin kowane huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka a irin waɗannan makarantu yake.

Saura dillalai, kuma su ne suka fi haɗari, domin mai yatsina rai kawai yake ɓata maka, dillali kuwa aljihu yake taɓawa.

Gaskiya ne makin shiga ya ɗan yi ƙasa. A Amurka ana auna sakamakon digiri a kan 4.0, ba a kan 5.0 kamar yadda yawancin jami'o'inmu suke yi ba, kuma akwai jarrabawar shiga da ake kira MCAT, wadda makinta yake farawa daga 472 ya tsaya a 528. A farkon shekarun 2020, waɗanda suka sami shiga makarantun MD matsakaicinsu ya kai kimanin 3.75 a digiri da wajen 511 ko 512 a jarrabawar. Na makarantun DO kuwa kimanin 3.6 ne da wajen 504. Wannan ita ce duk tazarar da ake yi wa kirari. Mai 504 ya wuce fiye da rabin waɗanda suka zauna jarrabawar, kuma mu tuna su wane ne suke zamanta: mutanen da suka yi shekaru suna haƙon ilmin sinadarai da ilmin halittu a jami'a. A waɗannan shekaru masu nema sun haura dubu 20 kowace shekara, kujerun kuwa ba su wuce kimanin dubu 10 ba. Wace irin ƙofar baya ce wannan da take mai da rabin masu ƙwanƙwasa ta gida?

Ba mu ce mai ƙaramin maki ya yanke ƙauna ba. Matsakaici dai matsakaici ne, akwai na samansa akwai na ƙasansa. Mai 3.2 ko 3.3 yana iya shiga, amma da sharuɗɗa masu nauyi: a ga cewa ya yi tuntuɓe ne a shekarar farko sa'an nan ya miƙe, a ga ya koma aji bayan digiri ya sake ɗaukar darussan kimiyya ya ci su da kyau, a ga makin jarrabawarsa ya rufe ramin da digiri ya bari, a ga ya daɗe yana hidima a gefen gadon majinyata, ga kuma wasiƙar shaida daga likitan da ya bi, wanda makarantu da yawa suka fi so ya zama mai DO. Wanda ya gaza 3.0 kuwa, a wurare da dama ba ma za a kai ga karanta labarinsa ba. Dā akwai wata rangwame: in ka faɗi darasi ka maimaita, sabon maki ne kaɗai ake lissafawa. An soke wannan a 2017, yanzu da tsohon da sabon duk ana haɗa su. Duk dillalin da har yanzu yake tallar wannan rangwame, ko dai bai san sana'arsa ba, ko ya san ta fiye da kima.

Wannan duka ga ɗan ƙasa ne. Baƙo irinmu nasa dutsen daban. Ba a shiga makarantar likita a can daga sakandare. Sai da digiri na farko, kuma makarantu da yawa suna son a ce darussan share fage a jami'ar ƙasarsu aka yi su. Ba kowace makarantar DO take karɓar baƙi ba. Yawancinsu masu zaman kansu ne, waɗansu ma, kamar Rocky Vista ta jihar Kolorado, don riba aka kafa su. Kuɗin makaranta kaɗai yakan wuce dala dubu 50 a shekara, watau fiye da dala dubu 200 kafin a gama, ban da ci da sha da wurin kwana. Ba'amurke yana da bashin karatu na gwamnatin tarayyarsu. Baƙo ba shi da haƙƙi a ciki. Kowa ya ɗauki alkalami ya juya wannan zuwa naira, ya aza kusa da albashin mahaifinsa, sa'an nan ya gaya mana ko maki ne babban shingen.

Akwai kuma wani tarko da sunan kansa ya ɗana. A Ingila da Faransa ma ana koyar da ostiyofati, amma wanda ya fito daga can mai gyaran jiki da hannu ne kawai, ba ya rubuta magani, ba ya tiyata. Ingila ta yi masu dokarsu daban a 1993, da majalisarsu daban da ta likitoci. Suna ɗaya, sana'a biyu. Yaron da aka ce masa ga ostiyofati mai araha a Turai, ya tafi da niyyar dawowa likita, an sayar masa da jaki ne da sunan doki.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne duk wannan surutu ya rufe abin da ya cancanci a duba a makarantun nan. Fiye da rabin masu DO suna ƙarewa ne a aikin likitan iyali, da na yara, da na cututtukan cikin jiki, watau aikin da ba ya kawo suna amma shi talaka yake bukata. An kafa da yawa daga cikin makarantun a ƙananan garuruwa da gangan, a kan tunanin cewa ɗan karkara shi ya fi komawa karkara. A 2020 Jami'ar Jihar Okalahoma ta buɗe reshen makarantarta a garin Tahlequah tare da al'ummar Cherokee, 'yan asalin ƙasar, don a horar da likitoci a inda ake rashinsu. Amurka ta taɓa ɗanɗana kuɗar bautar ma'auni: bayan rahoton Flexner na 1910, wanda ya tsaurara sharuɗɗan makarantun likita, daga cikin makarantu bakwai na baƙar fata biyu kaɗai suka tsira, Howard da Meharry. Ingancin ilmi ya ƙaru, ba mu musa ba, amma an yi shekaru da dama ana biyan kuɗinsa da rayukan waɗanda ba su da likita. Mu da muka san abokan da suka rubuta jarrabawar kimiyya ba su taɓa shiga ɗakin gwaji mai aiki ba, mun san cewa maki yakan auna makarantar da yaro ya fito kafin ya auna yaron. Wannan batu ne da ya kamata masu ɗaukar ɗalibai a jami'o'inmu su zauna a kansa, maimakon su bar shi a hannun dillalai.

Wanda duk da haka zuciyarsa ta nace sai ya gwada, to, kafin a sayar da saniya ko a jinginar da gida, ya sa dillalin ya nuna masa a rubuce cewa makarantar tana karɓar baƙi, ya faɗa masa baƙi nawa ta ɗauka bara, kuma ta amince da digirinsa na gida. In kuwa niyyarsa ya dawo ya yi aiki a Nijeriya, hukuncin rajista yana hannun Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, wadda take yi wa waɗanda suka yi karatu a waje jarrabawar tantancewa. Ya rubuta mata da kansa, ya ambaci sunan makarantar da sunan digirin, ya jira amsa mai hatimi kafin ya biya ko sisin kobo.