A ba maƙeranmu aikin ƙawata ƙofofin gari

A 2014 wani maƙerin Amurka, Richard Serra, ya kafa allunan ƙarfe 4 cikin hamadar Katar, kowane tsayinsa ya zarce mita 14. Ba siffar mutum, ba ta dabba, ba fenti, ƙarfe ne tsagwaronsa a tsaye. Har gobe baƙi na zuwa kallo.

To mu fa? Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa Gidan Runji, Agye da Gazawa, motoci na wucewa dare da rana. Muna da maƙera da masu walda. Wanda ya iya fitar da lanƙwasar lauje da bakin galma ba tare da ƙarin komi ba, wallahi ya san sirrin irin wannan aiki. Tunda babu mutum-mutumi a ciki, babu abin da zai tada hankalin malamanmu.

Kiranmu ga hukumomin garuruwan nan shi ne, in za a yi alamar shiga gari ko ta shataletale, a ba maƙeran gida kwangilar, a rubuta sunansu a gindi. Yaron da ya ga aikin ubansa tsaye a bakin hanya zai yi tunani kafin ya bar maƙera ya tafi ci-rani.