Ba kalkulas ne ya kayar da kai ba, tun firamare tsanin ya karye

Ɗan'uwa mai karatu, ka tuna watan Oktoban 2025, lokacin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ƙarƙashin Minista Tunji Alausa ta sanar cewa mai neman gurbin jami'a a fannin adabi, harsuna, tarihi da makamantansu ba dole ne ya kawo kiredit na lissafi ba? Murna ta ɓarke a Facebook da WhatsApp kamar an ga watan Sallah. Ba a daɗe ba ma'aikatar ta ƙara bayani cewa har yanzu kowane ɗalibi sai ya zauna jarrabawar lissafi a ƙarshen sakandare, kuma masu kimiyya, fasaha da kimiyyar zamantakewa suna nan a kan tsohon sharaɗi. Amma murnar nan ta riga ta tona mana asiri. Da yawa daga cikinmu kallon dodo muke yi wa lissafi.

To ni dai ra'ayina shi ne, mafi yawan masu cewa "ni ba ni da kan lissafi" suna da shi sarai. Wani mataki ne aka tsallake da su tun suna ƙanana, ba wanda ya lura, aka yi ta tura su gaba.

Lissafi tsani ne. A ƙasa akwai tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. Daga nan sai ɓangarorin lamba, wato rabi, sulusi, rubu'i da kashi cikin ɗari. Sai aljabara, inda harafi ke tsayawa a madadin lambar da ba a sani ba. Sai lissafin kusurwoyi da zanen jadawali. A can sama akwai kalkulas. Ɗalibin kimiyya ko kwamfuta da ya fito daga Kankia ko Kusada, ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, a ajin farko zai haɗu da MTH 101, wadda ta ƙunshi aljabara da lissafin kusurwoyi, sannan MTH 102, wadda ita ce kalkulas. Lakcara ba zai koma ya koya maka yadda ake haɗa rabi da sulusi ba. Ya ɗauka ka zo da wannan daga gida, ga ɗalibai cike da ɗakin lakca, ga makonnin zango ƙididdigaggu.

Gwada wannan a kan ƙaninka da ke babbar sakandare. Ce masa ya haɗa 1/2 da 1/3. Idan ya ce 2/5, ka gano inda tsanin ya karye. Amsar 5/6 ce. Kuma ko ba biro, mai awo a kasuwar Kankia zai gaya maka cewa rabin tiya da aka ƙara wa sulusin tiya ba zai taɓa komawa ƙasa da rabi ba, alhali 2/5 bai kai rabi ba. Yaron da bai ga wannan ba, yaya zai yi ranar da aka rubuta masa 1/x da 1/y a allo aka ce ya haɗa? Daga nan sai hadda ba fahimta. Daga hadda sai satar amsa. Ya samu kiredit ɗinsa, gida a yi ta barka. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: sakamakon zangon farko na fitowa sai ga kwas ɗin ya biyo shi aji biyu, wani har aji uku, wani kuma a sallame shi gaba ɗaya bayan mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin rajista.

Kar ka ce wannan matsalar 'yan jami'a ce kawai. A nan Kankia muna da makarantar koyon aikin lafiya, kuma 'ya'yanmu mata da maza suna rububin shigarta. Wanda ya fito daga can, wata rana za a miƙa masa ledar ruwa mai mililita 500 a ce ta shiga jikin majiyyaci cikin awa 4. Idan robar tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ɗigo 10,000 ke nan cikin minti 240, wato kusan ɗigo 42 a minti ɗaya. Ninkawa da rabawa ne kawai, na aji biyar na firamare. Amma in aka kuskure, wanda ke kwance a gadon zai iya zama mahaifiyarka.

Mu ma 'yan aikin jarida da ke cika baki cewa mun tsere wa lissafi, ba inda muka je. Idan hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta sauko, mutane sai su ce ƙarya ce, ai kaya ba su sauka ba. Dubi misali. A ce mudun gero yana naira 1,000, ya tashi da kashi 30 cikin ɗari, ya koma 1,300. Shekara ta gaba ya tashi da kashi 15, ya koma 1,495. Hauhawar ta ragu da rabi, amma farashin ƙaruwa ya yi. Gudun motar ne ya ragu, motar ba ta juyo baya ba. Wannan bambanci tsakanin abu da saurin canzawarsa shi ne zuciyar kalkulas, ilimin da Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka tsara a ƙarni na 17. Ɗan jaridar da bai gane shi ba, ko dai ɗan siyasa ya yi wasa da hankalinsa, ko shi ya ruɗa masu sauraronsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu cewa lissafi ba namu ba ne, na Turawa ne. Kai jama'a! Manomin Yashe ko Rimaye da ya samu buhu 40 na gero a damina ya san buhu 4 ne zakkarsa, ushiri ke nan, kuma ya san in da injin ban-ruwa ya shayar da gonar, rabin haka zai fitar. Malamin da ke raba gado a zaure yana aiki da rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi, yana nemo lambar da za ta rabu ga kowa ba saura. Abin da ɗalibi ke kasawa a allo ke nan, malam yana yin sa a kan buzu. Ita kanta kalmar aljabara daga sunan littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban ɓangaren littafin a kan gado da wasiyya yake. Mu Katsinawa ma muna da namu: Muhammad ɗan Muhammad Al-Fulani Al-Katsinawi, wanda a 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimin lambobi, irin wanda kowane layi ka tara, tsaye ko kwance ko karkace, jimilla ɗaya za ka samu. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Jikokinsa ne yau ke murnar an ɗauke musu lissafi.

Na san za ka ce laifin gwamnati ne: ajin da ya cika maƙil, ƙarancin malamai, malamin da aka ba shi darasin lissafi alhali ba shi ya karanta ba. Gaskiya ne, kuma dole mu ci gaba da matsa wa hukumar ilimin firamare ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumominmu biyu su kai ƙwararrun malaman lissafi ƙananan azuzuwa, inda ake aza tubali. Amma yaron da ke aji shida bana ba zai jira a gama gyaran ba.

Don haka ga abin da ke hannunmu. Idan kai ne lissafi ke wahalarwa, ka daina haddace amsoshin tsofaffin takardun jarrabawa. Nemo littafin firamare da na ƙaramar sakandare, ka bi su babi-babi har ka iso inda ka fara tuntuɓe. Nan ne za ka fara, ko da kana aji biyu a jami'a. Ba abin kunya ba ne, matambayi ba ya ɓata. Idan kuma Allah ya hore maka fahimta, hutun ƙarshen zango ka ware awa ɗaya kullum. Ƙungiyoyin ɗalibai na Kankia da Kusada su nemi aron aji a firamaren unguwa, a Kafin Soli ne ko Mawashi ko Kofa. A fara da gwaji na tambayoyi goma don a gane inda kowa ya tsaya, a raba yara bisa abin da suka sani, ba bisa ajin da suke ba. A yi bayani da Hausa, da mudu da tiya da canjin naira, sannan a ɗora musu kalmomin Turancin da za su gani a jarrabawa. Kuma a tabbata 'yan mata suna ciki, don su aka fi saurin gaya wa cewa lissafi ba nasu ba ne.

Kafin ka ajiye wayar nan, kira ƙaninka ko ƙanwarka ka yi musu tambayar rabi da sulusi. In sun amsa daidai, alhamdulillahi, ka ƙara musu wata. In sun ce 2/5, kar ka yi musu tsawa. Ɗauko tiya da gero ku zauna.

Allah ya buɗa mana ƙwaƙwalwa, ya sa mu amfani na bayanmu.